Yadda Ake Sauya Suna a Takardun Hukuma Bayan Aure, da Kuɗin da Zai Ci a Sakkwato

Babu wata doka a Najeriya da ta ce mace ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki na miji don an ɗaura mata aure. Da wannan ya kamata a fara, domin mata da yawa suna shiga wannan hidima ne saboda wani ya ce musu "sai kin canza", alhali ba haka ba ne. A Sakkwato ma abin ba al'adarmu ba ce. Nana Asma'u ta yi shekaru masu yawa a gidan Waziri Giɗaɗo, har gobe kuma 'yar Shehu ake ce mata. Malamai suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta yi umurni a kira mutane da sunan iyayensu maza, don haka mai shakka ta fara da tambayar malamin da ta amince da shi kafin ta kashe ko sisi. Hatta hukumar hidimar ƙasa, NYSC, wadda ta daɗe tana neman shaidar sauya suna daga matan aure masu son a mayar da su garin mazajensu, ta janye wannan sharaɗi a ƙarshen 2024. Takardar aure ita ke nuna ke matar wane ce, a asibiti, a ofishin jakadanci, ko a wurin aiki.

Duk da haka akwai masu buƙatar sanin hanyar. Akwai wadda ta yi shawara ta zaɓi ta ƙara sunan miji. Akwai wadda aka riga aka fara mata rabi da rabi: an buɗe mata asusun banki da sunan maigida, katin ɗan ƙasa kuma yana ɗauke da sunan mahaifi, yanzu kuɗinta sun maƙale. Akwai kuma wadda aure ne kawai ya sa ta zauna ta duba takardunta, ta tarar ita Aishatu ce a wannan, Aisha a wancan, A'isha a na uku. Dukansu hanya ɗaya za su bi, jerin matakan kuma ɗaya ne.

Game da kuɗi, ga yadda abin yake a dunƙule. Idan ba ki da fasfo ba ki da lasisin tuƙi, ki yi kasafin ₦20,000 zuwa ₦30,000, har da kuɗin mota da na hoto idan a cikin gari kike. Idan fasfo ya shigo ciki, lissafin ya haura ₦120,000. Kuɗaɗen hukumomin tarayya da za a ambata a nan su ne waɗanda aka sanar a 2025, kuma sukan motsa, saboda haka adadin da shafin hukumar ya nuna miki ranar biya shi ne za ki biya.

Ki tsayar da sunan tun kafin ki fita daga gida

Nan ne aka fi yin ɓarna, nan ne kuma gyara bai cin komai. Fom ɗin hukuma gurabe uku gare shi: sunan iyali, sunan farko, sunan tsakiya. Mu kuwa tsarinmu daban ne. Sunan yanka, sai na uba, wani lokaci a ɗora sunan gari a ƙarshe, kamar yadda ake jin Tambuwal, Gwadabawa, Wurno ko Shagari. Shi ya sa mutum ɗaya kan tashi da jeri uku a takardu uku, gwargwadon yadda kowane magatakarda ya ga dama ya cika.

Ɗauki misalin mace mai suna Aisha, mahaifinta Bello, mijinta Umar. Tana iya barin Bello a gurbin sunan iyali ta sa Umar a tsakiya. Tana iya mayar da Bello tsakiya ta sa Umar a gurbin iyali. Tana iya cire Bello gaba ɗaya. Na ukun shi ne mafi tsada a nan gaba, ban da maganar addini da ke kansa, domin ya yanke igiyar da ke haɗa ta da takardun makarantarta, da takardar haihuwa, da shaidar asalin ƙaramar hukuma. Muddin sunan uba yana nan a wani gurbi, duk ma'aikacin da ya ɗora tsohuwar takarda kusa da sabuwa zai gane mutum ɗaya ce.

Sai rubutun sunan maigida. Muhammad ne, ko Mohammed, ko Muhammadu? Usman ko Usmanu? Kada a yi ta da ka. A ɗauko takardar NIN ɗinsa, wato lambar ɗan ƙasa, ko fasfonsa a kwafa harafi da harafi, domin ranar neman biza za a haɗa takardunku biyu. Haruffa masu ƙugiya ba su shiga na'urorin hukuma, Ɗanladi zai fito Danladi. Alamar da ke cikin Hauwa'u, Sa'adatu da Asma'u ita ma wasu na'urori suna karɓa, wasu suna jefar da ita, sai ki bi yadda sunanki ya riga ya fito a NIN. Hajiya, Malama da Alhaji laƙabi ne, kada a bari su shiga gurbin suna.

Ki rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ɗaya, kowane gurbi da layinsa. Wannan takarda za ki riƙa miƙa wa duk mai buga miki wani abu, ba za ki faɗa da baki ba.

Ki kuma duba lokaci. Kada ki fara ana saura wata biyu tafiya Hajji ko Umara, ko ana tsakiyar tantance ma'aikata, ko kina jiran wani kuɗi ya shigo asusunki. Tsakanin gyaran takarda ta farko da ta ƙarshe akwai makonnin da sunanki zai zama biyu, a nan ne abubuwa ke tsayawa.

Takardu uku da komai ke hawa kansu

Ta farko shaidar aure. Yawancin aurenmu a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura shi, da waliyyai da shaidu da sadaki, a watse ba a rubuta komai ba. Auren ya inganta, amma banki ba ya karɓar labari. Ana samun takardar a kotun Shari'a ta yankinku, wasu masallatan Juma'a da ƙungiyoyin addini ma suna bayarwa, sai dai wadda ta fito daga kotu da hatimi ta fi wucewa ba gardama. A tafi da hotunan miji da mata, da katin shaidar kowannensu, da sunan waliyyi da na shaidu biyu, da adadin sadaki, da ranar ɗaurin aure. Idan an jima da auren, a zauna a tabbatar da ranar tun a gida, a kuma samo ta da lissafin Miladiyya, saboda ita za ta sake fitowa a takardar rantsuwa. Ranar da ta saɓa tsakanin takardun biyu ta isa a dawo da ke.

Akwai abin lura a nan. Rajistar aure ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida aure ne a ƙarƙashin dokar aure ta tarayya, mai mata ɗaya, da hukunce-hukuncenta na rabuwa da suka bambanta da na Shari'a. Musulmin da suka yi auren Musulunci kada su je can don neman takarda kawai, sai sun fahimci abin da suke sa wa hannu.

Ta biyu takardar rantsuwa, wadda aka fi sani da afidabit. Ana yin ta a gaban kwamishinan rantsuwa, a rajistarar Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato. Masu buga takardu a bakin kotu suna da samfurinta a kwamfuta, wannan ne sauƙinta, shi ne kuma haɗarinta, domin kan takardar wani suke gogewa su sa naki, sau da yawa a bar ragowar bayanin wancan a ciki. Ki karanta kafin a buga, ki sake karantawa bayan an buga. Dole ta ƙunshi tsohon sunanki kamar yadda yake a NIN, sabon suna kamar yadda kika rubuto, dalilin sauyi, ranar aure, adireshinki, da jimlar da ke cewa duk takardun da ke ɗauke da tsohon suna suna nan daram. Idan kina da rubutun suna iri biyu ko uku a tsofaffin takardu, a jera su duka a ciki a ce duk ke ce. Rantsuwa ɗaya za ta wadatar maimakon ki dawo sau uku.

Ke da kanki za ki sa hannu a gaban kwamishinan. Kada ki aika ƙane ko direba ya karɓo miki. Kafin ki bar wurin ki duba hatimi, sa hannu, kwanan wata da rasit. Kuɗin kotun kansa kaɗan ne, abin da ke ƙara shi bugu ne da hoto da ladan mai kai-komo da takardu, don haka ₦2,000 zuwa ₦5,000 ya kamata ya ishe ki. Rantsuwa kan ƙarya laifi ne a doka, kada a yarda wani ya ce a ɗan gyara shekarun haihuwa a ciki tunda an zo.

Ta uku sanarwa a jarida. Jaridar da ake sayarwa a faɗin ƙasa ake nema, irin Daily Trust, Leadership, Punch ko Vanguard. Ɗan akwati ne mai layi huɗu ko biyar a shafin sauya suna, farashinsa ya danganta da jaridar, ki ware ₦5,000 zuwa ₦10,000. Ana biya ta ofishin jaridar ko wakilinta, wasu kuma suna karɓa ta intanet. Ki nemi a turo miki rubutun ki gani kafin ya fita, ki kuma tambayi ranar da zai fita. A ranar, ki sa a sayo miki kwafi biyu ko uku daga hannun mai sayar da jarida na kan titi. Wannan ne kaɗai ke tabbatar miki sanarwar ta fita da gaske, domin akwai 'yan damfara da ke buga shafi guda a kwamfuta su miƙa wa mutum. Kada ki yanke ɗan akwatin da almakashi. Shafin gaba ɗaya ake so, da sunan jaridar da kwanan wata a samansa. Ki zagaye naki da biro a jikin kwafin da za ki miƙa.

Waɗannan ukun ki yi musu hotokofi kamar goma-goma, ki ɗauki hotonsu mai kyau a waya, a shimfiɗe, cikin haske, kusurwa huɗu duk suna fitowa. Asalin kuma a sa a jakar roba a ajiye inda gara da damshi ba su kai ba. Kada a manne su da roba mai zafi, wasu ofisoshi ba su karɓar takardar da ba za a iya taɓa hatiminta ba.

NIN kafin komai

Daga nan NIMC, hukumar da ke ba da NIN, za ki nufa, ba banki ba, ba ofishin fasfo ba. Dalili shi ne yanzu kusan kowace hukuma daga rumbun NIN take jawo sunanki. Wadda ta fara da banki za a ce mata sabon sunan bai dace da NIN ba, ta yi asarar kuɗin mota da yini guda.

Gyaran ana yin sa ne a shafin intanet na hukumar, inda mutum ke gyara bayanansa da kansa. Za ki buɗe asusu da lambar NIN ɗinki da imel, a ɗauki hoton fuskarki a gwada da wanda ke rumbu, ki zaɓi gyaran suna, ki ɗora takardunki, ki biya. Tun daga watan Mayun 2025 kuɗin gyaran suna ₦2,000 ne, sake fitar da takardar NIN kuma ₦600. Gyaran ranar haihuwa abu ne daban, ₦28,574, kada a haɗa miki su a lissafi idan ba ki nema ba.

Abubuwa uku ke kawo cikas. Na ɗaya, asusun yana ɗaure da wayar ko kwamfutar da aka buɗe shi da ita. Idan a shagon intanet aka buɗe miki, komawa ciki daga wayarki zai yi wuya, ga shi kin bar wa baƙo imel da kalmar sirri. Ki yi da wayarki, ko ta wani na gida da kika yarda da shi. Na biyu, hoton takarda mai duhu ko wanda aka yanke gefensa, ana mayar da shi. Na uku, gaggawa. Bayan an amince da gyaran, sabon sunan kan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana a na'urorin banki da na sauran hukumomi. Ki fitar da sabuwar takardar, ki ɗan saurara, sannan ki ci gaba.

Lambarki mai alƙaluma 11 ba ta canzawa, sunan da ke jikinta ne kawai ke canzawa. Duk wanda ya ce miki a yi sabuwar rajista da sabon suna ya fi sauri, ki guje shi. Yatsunki suna rumbu, na'ura za ta gano rajista biyu, warware wannan kuwa ya fi gyaran suna wahala nesa ba kusa ba.

Banki, albashi da fansho

A banki abu biyu ne, mutane kuma sukan ɗauka ɗaya ne: sunan da ke kan BVN, da sunan da ke kan asusu. Ki je da kanki reshen bankin da kika fi hulɗa da shi, da sabuwar takardar NIN, da takardun nan uku, asali da kwafi, da hoto. Ki cika fom ɗin gyaran BVN da na gyaran sunan asusu. BVN ɗaya ce ga duk bankuna, gyara ɗaya ya isa, amma sunan asusu sai kin bi kowane banki da kike da ajiya a ciki kin gyara. Haka asusun waya irin OPay, PalmPay da Moniepoint. Asusun da aka manta da shi shi ne wanda wata rana za a turo kuɗi a ciki a kasa cirewa, domin tun umurnin Babban Bankin Najeriya na watan Disambar 2023 ake matsa wa bankuna su haɗa kowane asusu da BVN ko NIN.

Gyaran kansa ba a saba karɓar kuɗi a kansa ba. Abin da za ki biya sabon katin ATM ne, wanda a 2025 wajen ₦1,000 ne da ɗan haraji a kan kowane kati, da sabon littafin cak ga mai amfani da shi. Tsohon katin yana ci gaba da aiki har wa'adinsa ya ƙare, don haka ba dole ne a sauya shi nan take ba. Ki nemi a buga miki hatimin "an karɓa" a kan kwafin fom ɗinki. Bayan kwana biyu ko uku ki sa wani ya gwada turo miki ₦100, ku ga sunan da zai fito.

Ma'aikaciya ta yi hattara a nan fiye da kowa. Idan sunan da ke takardar biyan albashi ya saɓa da na asusu, albashi na iya komawa inda ya fito, dawo da shi kuma sai an bi ofis-ofis. Dabarar ita ce a fara washegarin shigar albashi, a yi banki da wurin aiki a mako ɗaya. Ki rubuta takarda ta hannun shugaban sashenki zuwa sashen mulki, ki haɗa kwafin komai, ki roƙi a gyara fayil ɗinki da jadawalin albashi. Malamar firamare ta bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarta. Ma'aikaciyar tarayya ta tabbatar gyaran ya kai inda ake tsara albashinta, bai tsaya a fayil ɗin ofis ba. Ki riƙe kwafi mai hatimi.

Mai asusun fansho ta je kamfanin fanshonta a sabunta bayananta. Kyauta ne, amma shi aka fi mantawa, sai bayan shekara talatin, ranar ritaya, a ce suna bai dace ba. Tunda kin je, ki duba sunan magajin da kika rubuta tun kina budurwa, a nan da banki da inshorar lafiya.

Fasfo, inda kuɗin yake

Ba a goge suna a jikin fasfo. Sabon littafi ake bugawa, a biya cikakken kuɗinsa ko da tsohon bai shekara ba. Daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar ₦100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma ₦200,000, ga mai nema a cikin Najeriya. Ana cikewa a shafin Hukumar Shige da Fice, a zaɓi gyaran bayani, a biya a nan, a zaɓi ofishin Sakkwato da ranar zuwa ɗaukar hoto da yatsu. Jimlar da shafin ya nuna ita ce kuɗin, kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu. A 2024 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar cewa matan aure ba sai sun je Abuja don wannan gyara ba. Ki tafi da tsohon fasfon, da takardar NIN mai sabon suna, da takardun nan uku, da takardar neman gyara.

Shawara mafi amfani a duk wannan bayani ita ce: idan fasfonki yana da sauran shekara biyu ko uku, kuma babu abin da ya matsa, ki jinkirta sauya sunan gaba ɗaya har lokacin sabunta shi ya matso. Kin ga kuɗin da dama za ki biya ne za ki biya, sau ɗaya. Wadda ta sauya yau alhali bara ta karɓi na shekara goma, ta zubar da shekara tara da ta riga ta biya.

Tikitin jirgi da biza sunan fasfo suke bi, harafi da harafi. Maniyyaciya ta ba hukumar alhazai ta jiha sunan da ke jikin fasfon da za ta yi tafiya da shi, ko da an riga an gyara sauran takardu. Mai biza mai rai a tsohon fasfo kuma ta tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar tun kafin ta nemi sabo, domin bizar tana ɗauke da tsohon suna, wata ƙasar sai an sake nema an sake biya.

Sauran ba su da nauyi sosai. Lasisin tuƙin mota ₦15,000 ne na shekara uku, ₦21,000 na shekara biyar tun watan Yunin 2025, shi ma a haɗa gyaran da lokacin sabuntawa. Katin zaɓe kyauta ne, ana gyara shi lokacin da INEC ta buɗe rajista. Layin waya a je ofishin kamfanin a sabunta bayan NIN ta daidaita. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ungozoma da likitoci su rubuta wa hukumar da ta ba su lasisin aiki, kowace da kuɗinta. Mai rajistar kasuwanci ta gyara a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, in ba haka ba asusun kasuwancin zai saɓa da nata.

Takardun da ba a taɓawa

Sakamakon WAEC da NECO, shaidar digiri ko difloma ko NCE, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shaidar asalin ƙaramar hukuma: duk waɗannan suna zama da sunan da aka ba da su. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba za ta sake buga digiri don mai shi ta yi aure ba, haka kowace makaranta. Rantsuwa da jarida su ne gadar da ke haɗa su da sabon suna, shi ya sa duk inda za ki miƙa takardun makaranta sai ki haɗa da kwafinsu. Wanda ya ce zai sauya miki suna a jikin satifiket, jabu zai yi miki. Takardun fili da na gida su ma suna nan da ƙarfinsu da tsohon suna, haƙƙinki na gado kuma bai motsa ba.

Ɗaliba kuwa ta dakata har ta gama. JAMB da NIN take rajista tun 2021, sunan da ke JAMB shi ke bin ɗaliba zuwa jerin waɗanda suka kammala, daga nan zuwa NYSC, masu ba da bashin karatu na NELFUND su ma suna gwada NIN da BVN da bayanan makaranta. Amarya 'yar aji biyu da ta sauya NIN ta jawo wa kanta saɓani a wuri huɗu lokaci guda. Ta karɓi sakamako, ta gama hidimar ƙasa, sannan ta yi abin da ta ga dama.

Mai niyyar takara ko riƙe babban muƙami tana buƙatar fiye da rantsuwa da jarida. Ranar 13 ga Fabrairu 2020 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon na gwamnan Bayelsa ana gobe rantsar da shi, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Tun daga lokacin lauyoyi ke ba da shawarar a yi takardar ƙudurin sauya suna wadda lauya ke tsarawa, a kuma buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Kuɗin wannan ya danganta da lauyan, a yi ciniki tun farko, a ji ko kuɗin gazet yana ciki.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a rasit. Mai zuwa daga Illela, Isa, Sabon Birni ko Kebbe za ta biya mota zuwa da dawowa, galibi da ɗan rakiya, ga abinci, ga yinin da aka bari. Ta haɗa kotu da jarida a tafiya ɗaya, ta yi NIN daga gida ta waya, ta haɗa banki da fansho da layin waya a tafiya ta biyu. A fito da sassafe, tsakanin Litinin da Alhamis, domin ranar Juma'a aiki rabin yini ne a aikace. Maigida kuma, idan shi ne ya nemi a yi sauyin, ya dace ya ɗauki nauyin kuɗin, ya kuma ba da katin shaidarsa da lokacinsa, domin kotun Shari'a da ofishin fasfo na iya neman ganinsa ko takardarsa.

Idan aure ya ƙare, ta rabuwa ko ta rasuwa, ba dole ne a sake sauya komai ba, sunan yana nan halal a doka. Wadda ta so komawa sunan mahaifinta za ta sake bin jerin nan daga farko, da takardar saki daga kotu ko shaidar rasuwa a madadin takardar aure, ta sake biyan rantsuwa da jarida da NIN da fasfo. Matar da mijinta ya rasu ta bari sai an gama biyan haƙƙoƙinsa na wurin aiki da fansho da banki, saboda sunan da ya rubuta a matsayin magajiya shi za a nema. Tsohuwar rantsuwa da tsohuwar jarida kuma kada a yar da su, domin duk takardar da aka yi a shekarun auren, har da takardun haihuwar 'ya'ya, da wancan sunan take, su ne za su nuna ke ce.